Ƙara Saurin Sadarwar Kwamfutocin Ofis a Kan Tsofaffin Wayoyin Bango

A galibin ofisoshin da aka gina ko aka yi wa kwaskwarima daga farkon shekarun 2000 zuwa yau, akwai wayoyin sadarwa da aka bi da su ta cikin bango da silin, kowace ta taso daga ɗaki guda ta ƙare a soket ɗin da ke gefen teburin ma'aikaci. Ta cikinsu ne kwamfutoci da injinan buga takardu da kyamarorin tsaro da na'urorin watsa Wi-Fi ke aika wa juna bayanai. Ƙa'idar da suke bi wajen wannan aike ita ake kira Etanet, wadda mai saye zai ga an rubuta Ethernet a jikin kwalin kaya. Kada a rikita ta da intanet. Etanet hanyar cikin gida ce, intanet kuwa shi ne babban titin da ke waje, wanda kamfanin sadarwa ke haɗa ofis da shi.

Idan aiki ya fara jan ƙafa, fayil ya riƙa ɗaukar mintuna kafin ya buɗe daga kwamfutar ajiya, shawarar da shugaban ofis kan fara ji ita ce a cire tsofaffin wayoyi a shimfiɗa sababbi. Shawara ce mai tsada. Kuɗin wayar kanta kaɗan ne idan aka gwada shi da ladan masu aiki, da fasa bango, da sauke silin, da fenti, da kwanakin da ofis zai yi a tsaye. A lokuta da dama kuma ba a buƙatar ta, domin wayar da aka shimfiɗa shekara 15 da suka wuce tana iya ɗaukar ninki 10, wani lokaci ninki 25, na saurin da ake tafiya da shi a kanta a yau. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin da wayar take ciki a zahiri, kuma gwaji ne kawai ke nuna shi.

Yadda waya ɗaya ta yi ta ƙara sauri

Robert Metcalfe ne ya zayyana tsarin Etanet a shekarar 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya kuma gina shi tare da David Boggs. Saurinsa na farko bai kai megabit 3 a daƙiƙa ba, a kan waya irin ta eriyar talabijin. Daga baya kula da ƙa'idar ya koma hannun ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, ƙarƙashin kwamitin da ake kira 802.3, kuma har yau shi ke fitar da kowane sabon mataki.

A 1990 aka amince da Etanet mai megabit 10 a kan siririyar waya irin ta tarho. A 1995 aka kai megabit 100, a 1999 aka kai gigabit 1, wato megabit 1,000, a 2006 kuma gigabit 10. Duk waɗannan matakai suna amfani da kan waya iri ɗaya, wanda ake kira RJ45, shi ya sa wayar da aka soka wa kwamfuta a 2001 za ta shiga ƙofar kwamfutar bana ba tare da gardama ba.

Idan aka fere bawon wayar za a ga siraran wayoyi takwas na jan ƙarfe, an tufke su biyu-biyu kamar igiya, sun ba da tufka huɗu: mai ruwan lemo, koriya, shuɗiya da mai ruwan ƙasa. Tufkar ba ado ba ce. Ita ke sa hayaniyar lantarki da ke shigowa daga waje ta faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, na'urar da ke karɓa ta iya zubar da ita. Etanet mai megabit 100 tufka biyu kawai take amfani da su, ɗaya ta aika ɗaya ta karɓa, sauran biyun suna kwance ba aiki. Da aka zo gigabit sai aka saka duka huɗun a aiki, kowace tana ɗaukar megabit 250 zuwa da dawowa a lokaci guda. Gigabit 10 ta ƙara da dabarar raba ƙarfin lantarki zuwa matakai 16 domin kowane bugu ya ɗauki bayani mai yawa, tare da lissafin gyara kuskure mai ƙarfi.

Matsalar gigabit 10 ita ce tana son waya ta musamman, alhali yawancin gine-ginen duniya cike suke da wayoyin da ba su kai wannan daraja ba. Aka yi shekara goma babu wani tsani tsakanin gigabit 1 da gigabit 10. Da na'urorin Wi-Fi suka fara wuce ƙarfin gigabit 1, sai wasu kamfanoni, ciki har da Cisco da Aquantia, suka kafa ƙawancen NBASE-T a 2014 domin cike giɓin. A watan Satumba na 2016 IEEE ta amince da ƙa'idar 802.3bz, wadda ta kawo matakai biyu: gigabit 2.5 da gigabit 5. Ba a ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba. An ɗauki tsarin gigabit 10 ne aka rage yawan bugunsa zuwa rubu'i da kuma rabi, ta yadda siginar za ta shige cikin iyakar da tsofaffin wayoyi ke iya ɗauka. An yi wannan ƙa'ida ne takanas domin wayoyin da ke cikin bango tun da.

Abin da ke rubuce a jikin waya

Kowace wayar kirki tana ɗauke da rubutu a bawonta, ana maimaita shi a kowace mita ko makamancin haka, kuma a ciki za a ga ajinta. Cat5e, wadda ta fi yawa a tsofaffin ofisoshi, an auna ta zuwa megahaz 100. Tana ɗaukar gigabit 1 cikin sauƙi, kuma ƙa'ida ta ba ta gigabit 2.5 a tsawon mita 100. Cat6, wadda aka daidaita ƙa'idarta a 2002, ta kai megahaz 250, tana ɗaukar gigabit 5 a mita 100, tana kuma iya ɗaukar gigabit 10 idan tsawon bai wuce mita 55 ba, ko ƙasa da haka idan wayoyi sun cunkushe wuri ɗaya. Cat6A ta 2008 ta kai megahaz 500, ita ce mai gigabit 10 a cikakken tsawon mita 100. Tsohuwar Cat5 marar harafin e sau da yawa tana ɗaukar gigabit 1, amma sai an gwada. Cat3 kuwa wayar tarho ce, ba ta wuce megabit 10 a Etanet ɗin da ake amfani da ita, babu abin yi da ita sai sauyawa.

Mita 100 ɗin da ake yawan ambata ta kasu kashi biyu: mita 90 na wayar da ke cikin bango, daga allon haɗa wayoyi zuwa soket, da mita 10 na gajerun wayoyin da ke gefe biyu, wadda ke kan tebur da wadda ke cikin akwatin na'urori. Tsawon waya ake nufi da duk hawa da sauka da kwanar da ta yi, ba tazarar da ke tsakanin ɗaki da ɗaki ba. Ofisoshi da yawa ƙanana ne, wayoyinsu ba su wuce mita 30 zuwa 40 ba, kuma gajeriyar waya tana da rarar ƙarfi. Shi ya sa ake samun Cat5e mai gajeren zango tana ɗaukar gigabit 5 lafiya lau, ko da yake ƙa'ida ba ta yi alkawarin hakan a kowane hali ba.

Shin wayar ce ma ke jawo jinkirin?

Kafin a sayi ko da na'ura ɗaya, ya kamata a san inda ƙullin yake. Idan kamfanin sadarwa megabit 50 yake bai wa ofis, ko an mai da cikin gida gigabit 10 shafukan intanet ba za su ƙara sauri ba. Ofishin da duk aikinsa a intanet yake, wasiƙu da taron bidiyo da manhajojin da ke ajiye a waje, ba zai ga bambanci tsakanin gigabit 1 da 2.5 ba. Waɗanda ke amfana su ne masu jigilar manyan fayiloli a cikin gida: ɗakin tace bidiyo na gidan talabijin, ofishin masu zanen gine-gine, sashen hoton asibiti, ma'aikatar da ke kwafe bayananta zuwa ma'ajiya kowane dare, da ginin da ke da kyamarori masu yawa ko na'urorin Wi-Fi 6 da Wi-Fi 7 da mutane da dama ke hawa.

Lissafin ba shi da wuya. Fayil mai gigabait 10 yana ɗaukar fiye da minti 13 a kan megabit 100. A gigabit 1 yana ɗaukar kimanin minti ɗaya da rabi, a gigabit 2.5 ɗan sama da rabin minti, a gigabit 10 kuma ƙasa da daƙiƙa goma. Daga nan za a ga cewa babbar riba tana cikin tashi daga megabit 100 zuwa gigabit 1, kuma har yanzu akwai ofisoshi da ke zaune a megabit 100 saboda wani tsohon akwatin rarraba layi da ba wanda ya duba tun da aka kafa shi. Wannan akwati, wanda masu sana'ar ke kira suwic, shi ne mahaɗar da duk wayoyin ginin ke taruwa, kuma sauya shi kaɗai kan warware rabin koken ma'aikata.

Faifan ajiya ma yana da tasa iyakar. Tsohon faifai mai juyawa da wuya ya wuce megabait 150 zuwa 250 a daƙiƙa, wanda bai cika bututun gigabit 2.5 ba. Faifan SSD mai haɗin SATA yana tsayawa a wajen megabait 550. Wanda ya sayi kayan gigabit 10 alhali ma'ajiyarsa faifai ɗaya ne mai juyawa ya biya kuɗin saurin da ba zai taɓa gani ba.

Abubuwan da ke cin ƙarfin waya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne rubutun da ke jikin waya ke iya yaudarar mutum.

Na farko shi ne jabun waya. Ƙa'idojin shimfiɗa wayar sadarwa, na ƙungiyar TIA ta Amurka da na hukumar ISO ta duniya, sun wajabta jan ƙarfe zalla. Amma kasuwanni cike suke da waya mai arha da aka yi cikinta da alminiyum aka shafe bayanta da jan ƙarfe, wadda ake kira CCA, kuma sau da yawa a kwalinta an buga Cat6 ɓaro-ɓaro. Alminiyum ya fi jan ƙarfe tauye wutar lantarki da fiye da rabi, yana karyewa idan an lanƙwasa shi, yana kuma yin tsatsa a inda aka matse shi da soket. Irin wannan waya takan yi aiki a megabit 100 shekara da shekaru ba a gane ba, sai ranar da aka nemi ta ɗauki gigabit ko ta kai wuta ga kyamara asirinta ya tonu. Gane ta ba wuya: a yanki guntu a kankare waya ɗaya da reza. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyum ne. Kwalinta mai mita 305 ma ya fi na gaskiya rashin nauyi a hannu. Ginin da aka shimfiɗa masa CCA yana cikin 'yan wuraren da sauya waya ya zama dole.

Na biyu shi ne tufkar da ta mutu ko aka karkatar. Tun da megabit 100 tufka biyu take buƙata, wasu masu aiki a da sukan raba waya ɗaya gida biyu su ba soket biyu, ko su ba da tufka ɗaya ga tarhon tebur. Wani lokaci kuma ɓera ne ya ci waya ɗaya a cikin silin, ko ƙusa ta huda ta. Alamar iri ɗaya ce: an sa sabon suwic, an sa sabuwar kwamfuta, amma layin ya kafe a megabit 100. Na'urorin Etanet suna yin sulhu da juna a duk lokacin da aka haɗa su, su zaɓi mafi girman saurin da dukansu za su iya, kuma da yawa daga cikinsu suna sauka ƙasa shiru idan suka ga tufka huɗun ba su cika ba. Ba za a ga saƙon kuskure ba, sai dai jinkiri.

Na uku, wanda ya fi kowanne yawa kuma ya fi arhar gyara, shi ne yadda aka ɗaure kan waya. Ƙa'ida ta ce kada a warware tufka fiye da milimita 13 a inda za a matse ta, amma za a buɗe soket a tarar an warware tsawon ɗan yatsa. Akwai kuma tsarin jera launuka guda biyu, T568A da T568B. Kowanne daidai ne, muddin an bi shi a gefe biyu. Abin da ke ɓata aiki shi ne mai aikin da ya jera launukan yadda ya ga dama, ya tabbatar dai gefe biyu sun yi daidai. Wutar gwaji za ta kama a duka takwas, amma siginar da ya kamata ta bi tufka ɗaya ta rabu tsakanin tufka biyu, kariyar ta tafi, kuskure ya yi ta aukuwa. Sake matse soket da kan waya aikin mintuna ne ga wanda ya iya, kuma shi kaɗai yakan dawo da layin da aka fid da rai da shi. Haka gajerun wayoyin tebur: su ne ake takawa da kujera, ake ja, ake naɗewa, kuma sauya su da sababbi na kirki shi ne gyara mafi arha a duk wannan aiki.

Sai zafi, wanda ya shafe mu fiye da ƙasashen da aka rubuta ƙa'idojin a cikinsu. Mita 90 ɗin nan an lissafa ta ne a kan digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Wayar da ba ta da rufin ƙarfe a ciki tana ƙara asarar sigina da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri daga 20 zuwa 40, sannan kashi 0.6 daga nan zuwa sama. A digiri 40 tsawon da aka yarda da shi yana raguwa zuwa wajen mita 84. Duk wanda ya taɓa leƙa silin da ke ƙarƙashin rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san zafin wurin ya zarce na waje nesa ba kusa ba. Don haka layin da ya kusa iyaka yana iya yin lafiya da safe ya riƙa yankewa da azahar. Dogayen layuka a irin wannan gini a gwada su da tsakar rana.

Na ƙarshe shi ne kutsen maƙwabta. Idan aka ɗaure wayoyi masu yawa dami guda, aka matse su da igiyar roba, suka yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa, siginar wata tana tsallakawa cikin wata. A gigabit 1 wannan ba ya damun kowa. A gigabit 5 da 10 shi ne babban abokin gaba, domin na'ura tana iya share hayaniyar da ta fito daga cikin wayarta, amma ba ta san abin da maƙwabciya ke aikawa ba balle ta share shi. TIA ta fitar da takardar jagora mai lamba TSB-5021 kan yadda za a tantance tsofaffin Cat5e da Cat6 domin gigabit 2.5 da 5. Maganin da ake bayarwa mai sauƙi ne: a kwance damin inda hannu ke kaiwa, musamman kusa da allon haɗa wayoyi, a sassauta ɗauri, a raba gajerun wayoyi, kuma a nisanta wayar sadarwa daga wayar wuta da fitilu masu dogon kwano.

Gwaji

Na'urorin gwaji hawa uku ne. Ƙaramar mai fitilu takwas, wadda kusan kowane mai aiki ke da ita a jaka, tana nuna ko kowace waya ta isa ɗaya gefen, shi ke nan. Ba ta san sauri ba, ba ta kama tufkar da aka raba. Ta tsakiya tana auna tsawo, tana nuna mitar da waya ta yanke, tana kuma faɗin saurin da layin zai iya ɗauka. Babbar, irin wadda kamfanin Fluke Networks da takwarorinsa ke ƙerawa, tana auna asarar sigina da kutse da tauyewar wuta, ta gwada su da ƙa'ida, ta fitar da takardar sakamako ga kowane layi. Tana da tsada ƙwarai, ƙaramin ofis ba ya buƙatar mallakarta, amma yana iya ɗaukar wanda ke da ita na yini ɗaya ko biyu. Hukumar da za ta ba da kwangilar shimfiɗa waya ko gyaranta ya dace ta sa wannan takarda cikin sharuɗɗan biya, layi bayan layi, da lambar kowane soket. Kwangilar da aka karɓa da kallon fitila kawai ita ce ke haifar da yawancin matsalolin da aka lissafa a sama.

Wanda ba shi da halin wannan yana da wata hanya. Ya sayi ƙaramin suwic ɗaya mai gigabit 2.5 da abin haɗi guda biyu masu shiga ƙofar USB, ya ɗauki kwamfutoci biyu, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da mafi tsawo da waɗanda suka ratsa wuri mai zafi. A kowane layi ya duba saurin da kwamfutar ta nuna a shafin bayanan sadarwa, sannan ya tura bayanai na mintuna da manhajar iperf3, wadda kyauta ce. Layi mai lafiya a gigabit 1 yakan nuna wajen megabit 940, na gigabit 2.5 kuma wajen 2,350. Idan suwic ɗin mai shafin sarrafawa ne, a duba ma'aunin kuskuren kowace ƙofa. Lambar da ke ta hawa alama ce ta layin da ke aiki da ƙyar. Abin haɗin kuma a soka shi a ƙofar USB 3, domin USB 2 ba ta wuce megabit 480.

Sayen na'urori

Sauri yana tabbata ne idan gefe biyu sun iya shi, wato ƙofar suwic da ƙofar kwamfuta. Kwamfutocin tebur da yawa na 'yan shekarun nan suna zuwa da ƙofar gigabit 2.5, tsofaffi kuma ana sa musu kati a ciki ko abin haɗin USB. Ba lallai ne kowane tebur ya samu ba. Injin buga takardu da tarhon tebur da kwamfutar mai buga wasiƙu ba su cika ko gigabit 1 ba. Abin da ya fi dacewa shi ne suwic mai ƙofofi gauraye, a ba ma'ajiya da na'urorin Wi-Fi da masu aikin bidiyo ƙofofi masu sauri, saura su zauna a gigabit 1.

Akwai tarko biyu a nan. Na'urori da yawa masu gigabit 10 da aka ƙera kafin 2016 ba su san gigabit 2.5 da 5 ba. Idan aka haɗa irinsu da kwamfuta mai 2.5, sulhun da za su yi zai sauka zuwa gigabit 1. Wannan ya shafi masu sayen kayan da aka yi amfani da su a waje, don haka a nemi ganin 802.3bz ko NBASE-T a takardar bayanin na'ura. Tarko na biyu shi ne layin da ke haɗa suwic da suwic, ko bene da bene. Idan tebur ashirin masu gigabit 2.5 duk suna bi ta layi ɗaya mai gigabit 1 zuwa ma'ajiya, an faɗaɗa ɗakuna ne an bar ƙofar zaure yadda take. Wannan layin shi ya fi cancantar gigabit 10, kuma tun da guda ɗaya ne ko biyu, jan sabuwar waya dominsa ba ya da tsada.

Batun wuta ma yana cikin lissafi. Etanet tana iya kai wutar lantarki ga na'ura ta cikin wayar sadarwar kanta, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar 2003 ta ba da wat 15.4 a kowace ƙofa, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 ta kai har wat 90. Sababbin na'urorin Wi-Fi sukan nemi wat 30 ko fiye, kuma idan ba su samu ba sukan rage ƙarfinsu ba tare da sanarwa ba. A duba jimillar wat da suwic ke iya bayarwa, ba adadin ƙofofinsa kawai ba. Wutar da ke bi ta cikin dami tana ɗumama shi, abin da ke ƙara wa matsalar zafi, kuma a kan wayar CCA hatsari ne na gaske. Ƙofar gigabit 10 ta jan ƙarfe ita ma tana cin wat biyu zuwa biyar, ninkin abin da ƙofar gigabit 1 ke ci sau da yawa. Ga ofishin da ke rayuwa a kan janareta da inbata, wannan yana nufin batir zai ƙare da wuri, akwatin na'urori kuma zai buƙaci iska. Ƙurar hunturu tana toshe fankar suwic, don haka a riƙa busa ta. Ta wannan fuska gigabit 2.5 ta fi dacewa da yawancin ofisoshinmu: ƙananan na'urorinta da yawa ba su da fanka ma, ba sa cin wuta sosai, kuma su ne suka fi haƙuri da tsohuwar waya.

Inda tsohuwar waya ba za ta yi ba

Bayan CCA da Cat3, akwai layin da ya wuce mita 100, da wanda ruwa ya shiga, da wanda aka yi wa ƙari a tsakiya aka naɗe da salatif. Waɗannan a ja sababbi. Haka duk layin da ya fita daga gini zuwa gini. Wayar jan ƙarfe da ta ratsa fili tana jawo ƙarfin tsawa a lokacin damina, kuma gine-gine biyu masu turakun ƙasa daban suna iya samun bambancin lantarki da zai bi ta wayar ya ƙone ƙofofin suwic. Wayar faiba, wadda zaren gilashi ce mai ɗaukar haske, ba ta da wannan matsala. Nau'in OM3 yana kai gigabit 10 zuwa mita 300, OM4 zuwa mita 400, mai zare siriri kuma har kilomita 10.

Idan gwaji ya nuna layuka shida ne cikin sittin suka gaza, shidan za a sauya. Sabon da za a ja ya zama Cat6A ta jan ƙarfe zalla, tun da ladan ja ɗaya ne ko wace iri aka saya, sai dai a lura ta fi Cat5e kauri, kuma bututun da ya ɗauki tsofaffi huɗu ba lallai ya ɗauki sababbi huɗu ba. A inda bututun ke da sarari, akan ɗaura sabuwar a wutsiyar tsohuwar a jawo ta a hankali daga ɗaya gefen, ba tare da fizga ba, kuma kada a lanƙwasa ta a kwana fiye da ninki huɗu na kaurinta. A rubuta lamba ɗaya a soket da allon haɗa wayoyi, a ajiye takardar gwajin a cikin akwatin na'urori. Tsohon suwic kuma kada a yar da shi sai sabon ya yi mako biyu yana aiki.